Tuffar Granny Smith: halayenta da matsayinta a abincin yara

Granny Smith tsohon irin tuffa ne da ya ɓulla a 1868 kusa da birnin Sidni na Ostareliya, a gonar wata dattijuwa, Maria Ann Smith. Ɓawonta kore ne shar, cikinta fari mai tauri da tsami. Tana jure ajiya ta watanni a wuri mai sanyi, shi ya sa take kaiwa kasuwanni masu nisa.

Sai dai furotin, sinadarin ƙarfe da bitamin A kaɗan ne a cikinta, don haka ba ta magance tamowa. Mangwaro, zogale da wake sun fi ta gina jikin yaro. Idan za a ba jaririn da ya cika wata 6, a wanke, a dafa, a murƙushe, kada ta maƙale masa a wuya.