Karkacewar Baki da Ciwon Kunne: Kada a Bari Kwana Uku Su Wuce

Idan mutum ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, in ya kurɓi ruwa sai ya zubo ta gefen baki, abin da aka fi saurin faɗa shi ne iska ta buge shi. Nan da nan a shiga hayaƙi da shafe-shafe, kwanaki na tafiya. Alhali kuwa akwai irin wannan larura da aka san asalinta tun 1907, lokacin da wani likitan jijiyoyi ɗan Amurka, James Ramsay Hunt, ya yi bayaninta. Ƙwayar cutar ƙarambau ce ke kawo ta. Yaro kan yi ƙarambau ya warke, amma ƙwayar tana nan kwance cikin jijiyoyinsa shekara da shekaru. In tsufa ya zo ko garkuwar jiki ta yi rauni, sai ta farka ta kama jijiyar fuska wadda ke ratsawa ta gefen kunne.

Shi ya sa kunne ne ke tona asirinta. Yakan yi zugi mai tsanani, ƙuraje masu ɗurar ruwa su fito a cikinsa, wani lokaci har a harshe ko ganɗa. Wani ya ji kunnen yana ƙara, wani jinsa ya ragu, wani jiri ya riƙa ɗibarsa, abinci kuma ya yi masa salam. Goshin ɓangaren da ya kamu ba ya tattaruwa, girar ba ta ɗaguwa. A shanyewar ɓarin jiki kuwa goshi yakan tsira, sai dai hannu ko ƙafa su mutu, magana ta sarƙe. Ita shanyewar ɓarin jiki ba ta jiran ko awa ɗaya.

Wani zai ce ai ya ga waɗanda bakinsu ya miƙe da kansa. Gaskiya ne, akwai karkacewar da ba ta zuwa da ƙuraje, kuma akasarin masu ita sukan warke. Amma ta ƙarambau ta fi ta taurin kai, tana iya barin fuska a karkace ko kunne a toshe har abada. Maganin daƙile ƙwayar da na rage kumburin jijiya sun fi aiki in an fara su cikin awa 72. Idon da ba ya rufuwa kuma yana bukatar maganin ɗigawa da rufi da dare, don kada ya bushe ya yi miki.

Addu'a ba ta hana neman magani. Jama'a, duk wanda bakinsa ya karkace, a kai shi asibiti a ranar.