Darasin Lafiya: Maganin Tayirod da Hantar Tsofaffinmu

'Yan'uwa manoma, a gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira tayirod. Shi ne yakan kumbura ya zama maƙoƙo. Wani lokaci kuma yakan yi aiki fiye da kima. Sai mutum ya riƙa ramewa ko da yana ci, zuciya tana bugawa da sauri, hannu yana rawa, zufa ba ta yankewa.

Akwai maganin wannan ciwo a asibiti. Ƙwayoyi ne, a jikin kwalinsu za mu ga an rubuta Carbimazole, ko Methimazole, ko Propylthiouracil. Akan sha su kamar wata 12 zuwa 18. Suna aiki sosai, yawancin masu sha kuwa ba abin da ke samunsu.

Amma ga kaɗan daga cikin mutane maganin yakan taɓa hanta, galibi a watannin farko. Na farko da na biyu sukan hana ruwan matsarmama fita daga hanta, wannan kuwa ya fi samun masu shekaru da masu shan ƙwaya da yawa. Na ukun yakan lalata naman hantar kansa. Saboda haka a 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a buga babban gargaɗi a takardarsa.

Ga alamun da za mu lura da su:
1. Farin ido ya zama rawaya.
2. Fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari.
3. Ƙaiƙayin jiki ba ƙuraje.
4. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tashin zuciya da ƙin abinci.

Mun saba in idon tsoho ya yi rawaya mu ce shawara ce, mu jiƙa masa saiwa, mu jira ranar kasuwa. Ga mai shan wannan magani, jira haɗari ne. A dakatar da ƙwayar, a kai shi asibiti a ranar, tare da kwalin maganin. Haka za a yi in zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka taso. Kada a ba shi jiƙo ko burukutu, gama za su ƙara wa hanta nauyi.

Kada kuma tsoro ya sa wanda yake lafiya ya bar maganinsa. Ciwon da ba a kula da shi ba yakan raunana zuciyar tsoho. Mu roƙi likita ya auna jinin hanta tun kafin a fara.

Tambayoyi domin taron ƙungiya:
1. Wa zai riƙa duba idon tsofaffinmu da hasken rana?
2. Asusunmu zai iya biyan kuɗin mota in bukata ta taso?