MUSSA DA SABON GIDA

Ƴan uwa na Ƙwanni, Malbaza da Illela, darasinmu na yau bisa mussa ne, wadda waɗansu ke kira kyanwa ko mage.

Mun san amfaninta. Ita ce ke tsare rumbu daga kusu. Gidan da babu mussa, kusu ke cin rabon yara.

A daminar 2024, ruwa ya rushe gidaje masu yawa cikin ƙasar Nijar, har da jihar Tawa. Iyalai da dama sun sake mazauni. Waɗansu kuma aiki ke sa su tashi, kamar noman albasa a Galmi, ko aikin siminti a Malbaza. In an tashi da mussa, sau da yawa sai ta riƙa hitsari cikin ɗaki, bisa tabarma ko jikin buhun hatsi. Maigida ya yi hushi, ya buge ta, ko ya kai ta daji ya yar. Bayan wata guda kusu ya cika gida.

MI KE SA TA HAKA?

Tsoro ne. Mussa da hanci take sanin gidanta. In ta goga kumatunta ga bango ko ga ƙahwar gado, warinta take bari wurin. A sabon gida babu warinta. Wataƙila ma akwai warin wata mussa. Sai ta yi hitsari don ta sa alamarta, hankalinta ya kwanta. In kun buge ta, tsoro ya ƙaru, hitsari kuma ya ƙaru.

ABIN DA ZA MU YI

1. Ranar tashi, ku ɗauko tsumman da take kwana bisa. Kada a wanke shi. Ku ɗebo kuma rairai kaɗan daga inda ta saba zagayawa.

2. A sabon gida, ku tsare ta cikin ɗaki guda, da ruwa da abinci da tsummanta. Ta yi kamar sati 2 kahin a bar ta yawo. In an sake ta da wuri, tana iya koma tsohon gida, ta ɓace.

3. Ku samu tsohon kwano mai hwaɗi, ku zuba rairai mai laushi, ku gauraya da wanda kunka ɗebo. Ku aje shi a kusurwa, nesa da abincinta. Mussa ba ta son zagayawa kusa da inda take ci.

4. Kullum a kwashe ƙazanta. Kowane sati a sake rairai. In kwanon ya yi wari, za ta ƙi shi.

5. Inda ta riga ta ɓata, a wanke sarai da ruwa da sabulu. In ƙasa ce, a kankare a zubar, a zuba sabuwa. In wari ya rage, za ta komo wurin. A shanya tabarma ga rana.

6. Da ta saba, a riƙa jan kwanon kaɗan kaɗan zuwa bakin ƙohwa, har ya kai tsakar gida.

Namijin mussa ya hi yin alama da hitsari, tun daga wajen wata 6 da haihuwa. In likitan dabbobi ya hiɗiye shi, abin yakan ragu ƙwarai.

IN CIWO NE FA?

Ku duba da kyau. In mussa tana tsuguno tana nishi, hitsari kaɗan ke hita, ko akwai jini ciki, to ciwo ne. Ku tahi wurin ma'aikacin kiwo. Namiji in hitsari ya tsaya mashi ɗungum, yana iya mutuwa cikin kwana 2 ko 3.

LAHIYAR IYALI

Kashin mussa yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai cutar jariri tun cikin ciki. Saboda haka mace mai ciki kada ta kwashe shi. Ƙwayar sai ta kwana 1 ko hiye a waje take iya kama mutum. Shi ya sa ake kwashewa kullum. Wanda ya kwashe ya wanke hannu da sabulu. Kada yara su yi wasa da rairan.

In mussa ta ciji mutum ko ta yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tahi likita ran nan. Mussa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare.

Haƙurin sati 2 bai kai hasarar buhun gero ba.

TAMBAYOYI

1. Mi ke sa mussa hitsari cikin sabon ɗaki?
2. Ina ya kamata a aje kwanon rairai?
3. Wa bai kamata ya kwashe kashin mussa ba? Don mi?
4. In kusu na cin tiya 2 ta gero kowane wata, tiya nawa ke nan cikin shekara?