Mu tahi bakin teku

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Kaya da yawa da muke saye cikin jirgin ruwa suke zowa. Ana sauke wasu a Lome, babban birnin Togo. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968.

In Allah ya kai ka Lome, ka tahi bakin teku ka sha iska. Gani ya kori ji. Ran Lahadi da marece mutane suna cika wurin. Ga rairayi, ga itatuwan kwakwa. Can nesa manyan jirage suna jiran shiga tasha.

Amma hattara! Teku ba tabkin Madarunfa ba ne. Igiyar ruwa tana bugun gaɓa da ƙarfi. In za ta koma, sai ta ja mutum ciki. Ko gwanin iyo ruwan yana iya ci. Ka tsaya nesa kaɗan, ka riƙe hannun yaro.

Tambayoyi
1. A wace ƙasa Lome take?
2. Don mi ba a wasa da igiyar ruwa?