Yadda Ake Rage Saurin Faɗowa da Rigar Fukafukai

Rigar fukafukai riga ce mai ƙyalle tsakanin hannuwa da haƙarƙari, da wani tsakanin ƙafafu, wadda iska ke shiga ta ƙananan kafofi ta kumbura ta har ta yi tauri. Bafaranshe Patrick de Gayardon ne ya fito da siffarta ta zamani a shekarun 1990, sannan a 1999 Jari Kuosma na Finland da Robert Pečnik na Kuroshiya suka fara yin ta don sayarwa. Wanda ya diro daga jirgi rub da ciki ba tare da ita ba yakan faɗo da gudun kusan kilomita 200 a awa. Da rigar, gudun kan koma ƙasa da rabin haka, in dai an iya riƙon jiki.

Abin da ke riƙe mutum a sama shi ne gudunsa na gaba. Iskar da ke ratsa bayansa da cikinsa ita ke ɗaga shi, kamar yadda take ɗaga tafin hannun da aka fitar ta tagar mota aka ɗan karkata shi. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin ɗagawar ninkawa huɗu yake yi. Saboda haka mai neman jinkirin faɗowa ba birki yake nema ba.

Ana fita daga jirgi a kusan mita 4,000 da fukafukai a naɗe, gudun kada iska ta cilla mutum kan wutsiyar jirgin, sannan a buɗe su a tare. Daga nan sai a bar banƙare ƙirji da tura ƙugu ƙasa. Wannan ɗabi'a tana da wuyar bari, domin ita ake fara koya wa kowane mai dirowa, kuma ƙungiyar masu dirowa da laimar sauka ta Amurka, USPA, tana son mutum ya yi dirowa 200 kafin ya sa rigar, don haka ta riga ta zauna a jiki. Amma banƙarewa zubar da iska take yi ta gefe. Abin da ake so shi ne a miƙe sambal, a turo kafaɗu gaba, a ɗan shigar da ƙirji, a ɗaure ciki, a ɗaga ƙugu ya daidaita da kafaɗu.

Hannuwa kuwa a miƙe su har ƙyallen ya ɗaure, ba tare da iska ta tura su sama da baya ba. Yawancin sababbi sukan manta da ƙafafu, alhali fiffiken ƙafa babban rabo ne na faɗin rigar. A miƙe gwiwoyi, a ware ƙafafu iyakar ƙyallen, a tsinana yatsu baya. Gwiwa in ta lanƙwashe ko kaɗan, fiffiken ya saki, gudun gaba ya mutu. Kai ma ya bi layin ƙashin baya, haɓa a ɗan sunkuye.

Wuri mafi wuya shi ne kusurwar da jiki ke tarar iska. Kai in ya yi ƙasa sosai, gudu ya ƙaru amma ana nutsewa. In aka ɗaga ƙirji a hankali, faɗowa tana raguwa har zuwa wata iyaka, bayanta kuma iska ta rabu da bayan rigar, fiffike ya daina ɗauka. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: ƙarar iska ta ragu, rigar ta yi laushi, jiki ya fara rawa. Maganinsa a sunkuyar da kai a maido da gudu. Faɗowa mafi jinkiri tana dab da wannan iyaka, shi ya sa ake neman ta da motsi ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, kuma a can sama inda akwai sararin gyara. Gwanaye sukan nutsa su tara gudu sannan su ɗago a hankali, har faɗowar ta tsaya na 'yan daƙiƙu, amma wannan ba ya ɗorewa.

Ji a jiki yana yaudara, don haka ake ɗaura na'urar GPS irin FlySight a hular kwano, a duba sakamako bayan sauka tare da bidiyon mai koyarwa. A gasar hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ma ana auna lokaci da nisa da gudu. Kafaɗu sukan gaji kafin a gama, kuma gajiya ke dawo da banƙarewa, don haka atisayen kafaɗa da ciki a ƙasa yana cikin aikin.

In lokacin buɗe laimar sauka ya yi, sai a daidaita tafiya, a kai hannuwa biyu baya a tare ko da yake ɗaya ne ke jan mariƙin da ke buɗe ta, domin motsin gefe guda yana juya jiki ya murɗe igiyoyin laimar.