Idan Teku Ya Ci Gari, Me Yake Bari a Zukatan Mutane?

'Yan uwa ɗalibai, da yawa cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba sai a talabijin, shi ya sa in an ce ruwansa na ƙaruwa sai mu ɗauka matsalar wasu ce can. To, a ƙasar nan abin ke faruwa.

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce daga 1901 zuwa 2018 ruwan teku ya hau da kusan santimita 20. Manyan dalilan biyu ne: ruwa na kumbura in ya ɗumama, sannan ƙanƙarar kan duwatsu da ta Girinlan da Antaktika na narkewa.

Ku ɗauki Ayetoro, garin masunta a ƙaramar hukumar Ilaje ta jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947. Teku ya cinye unguwanni da gidaje da makarantu. Ginin da ya rushe kowa na gani, amma abin da ya fi damuna shi ne halin da masu ginin ke shiga.

Na farko, fargaba. Wanda igiyar ruwa ta taɓa shigo wa ɗaki cikin dare ba ya barci mai nauyi, kunnensa na bakin teku. Na biyu, ciwon damuwa. Gishiri ya ɓata ruwan sha, sana'a ta ja baya, bashi ya taru, magidanci ya daina magana, uwa ta riƙa faɗa da yara ba dalili. Na uku, baƙin cikin rasa asali. Masani Glenn Albrecht na Ostareliya ya raɗa masa suna solastaljiya: kewar gida alhali kana zaune cikinsa. Wane ne zai ga ruwa ya tafi da kabarin iyayensa hankalinsa ya kwanta?

Me za a yi? A sanar da mutane tun wuri kafin a tashe su, a mayar da su tare da maƙwabtansu, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane alamomin damuwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta buɗe ƙofa.

Mu masu karanta injiniyanci da tsara birane, gobe mu za a ba aikin katangar tare ruwa da sabon matsuguni. Kafin mu zana taswira, mu zauna da mutanen mu ji ta bakinsu.