Amsoshin Tambayoyinku: BitTorrent Sata Ce? Wa Ke da Iko da Datar da Na Saya?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a jami'ar UDS. Abokina ya ce duk mai amfani da BitTorrent ɓarawo ne, har ya kamata kamfanonin waya su toshe shi. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Sabonjida, Tamale.

AMSA: Malam, abokinka ya haɗa abu biyu wuri guda: manhajar da kuma abin da ake ɗaukowa da ita.

Bram Cohen ne ya ƙirƙiro BitTorrent a 2001. Aikinta kamar na almajirai ne da ke son kwafe littafi ɗaya, kowa ya rubuto nasa babin, sannan su yi ta musaya har kowa ya mallaki cikakke. Haka ake yanka fayil gunduwa-gunduwa. Kana karɓa daga wasu, kana miƙa wa wasu. Yawan masu nema sai ya ƙara sauri, maimakon ya durƙusar da kwamfuta guda.

Halastaccen amfaninta na da yawa. Masu Ubuntu da kansu suke raba manhajarsu kyauta ta wannan hanya. Taskar Internet Archive ta buɗe wannan ƙofa a 2012 don littattafai da fina-finan da ta tara. Kiwix ma na raba Wikipedia dunƙule, a sauke sau ɗaya a yi ta karatu ba data, abin da zai amfani makarantun ƙauye. Xender da ake tura waƙa da ita a kasuwar Aboabo 'yar gidan ce, daga waya zuwa waya.

Inda laifi yake shi ne raba fim ɗin Dagbani ko na Kannywood, ko waƙar Fancy Gadam, ba da izinin masu su ba. Wannan cin guminsu ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 ta hana.

Batun toshewa kuwa, nan ne daidaiton intanet ya shigo, ƙa'idar da masanin shari'a Tim Wu ya yayata a 2003: kamfanin da ya sayar maka da data ya isar da komai bai ɗaya, kada ya fifita wani shafi ko ya shaƙe wani. A 2007 an gano kamfanin Comcast na Amurka yana katse BitTorrent a ɓoye, har da fayilolin da ba na kowa ba. Hukumar sadarwar ƙasar ta tsawata masa a 2008. Tun daga nan ake ja-in-ja: an kafa ƙa'idar a 2015, aka soke a 2017, aka maido a 2024, kotu ta rushe ta a Janairun 2025.

A nan gida, matsalar ta fi bayyana a farashi. Datar WhatsApp da Facebook takan fi ta sauran shafuka araha. A 2015 Facebook ya haɗa kai da Airtel ya kawo wa Ghana wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta. Indiya ta haramta irin wannan a 2016. Rangwame na da daɗi, amma matashin Tamale da ya buɗe nasa shafin yaya zai yi gogayya da wanda ake shiga kyauta?

Shawara: ka tabbatar mai fayil ya yarda a raba shi. Ka rufe manhajar idan ka gama, domin miƙa wa wasu ma data yake ci. Idan kuma ka lura ana shaƙe maka wata manhaja da gangan, fara da kamfaninka. In ba su saurare ka ba, kai kuka ga hukumar NCA, wadda ke sa ido kan MTN, Telecel da AT.